Dutsen da ke ƙara girma a lambun gari: wai me ke faruwa da famfon Thermopolis?

A wani ƙaramin gari mai suna Thermopolis a jihar Wyoming ta Amurka, garin da mutanensa ba su kai 3,000 ba, akwai wani tulin dutse a tsakiyar wurin shaƙatawa wanda ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, ruwan zafi na gangarowa daga samansa, jikinsa duk zane-zane ne na fari da ruwan ɗorawa da kore da ruwan ƙasa. Sunansa Tepee Fountain. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne idan aka ɗauko tsohon hotonsa aka ajiye kusa da na yanzu sai ka rantse ba abu ɗaya ba ne, na da ɗin ɗan siririn gini ne mai tsini, na yanzu kuwa ƙaton curi ne, kuma ba wanda ya zo da siminti ya ƙara masa komai.

To daga nan ne magana ke rabuwa. Wasu su ce ai dutse ba ya girma, yaudarar masu neman kuɗin 'yan yawon buɗe ido ce kawai. Wasu su ce dutsen yana da rai. Wasu kuma su ce aman wuta ne ke shirin ɓullowa a wurin. Duka ukun ba haka ba ne, kuma bayanin gaskiyar ya fi su daɗin ji, sannan yana jawo wata tambaya da ta fi ta dutsen nauyi, wato wa ke da iko da ruwan.

Wai mene ne tirabatin?

Irin dutsen da ya lulluɓe wannan famfon shi ake kira tirabatin, wani nau'in dutsen farar ƙasa ne, irin dangin wanda ake fasawa a yi siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato ko Ashaka ta Gombe ko Malbaza ta Nijar. Sinadarinsu ɗaya, kalsiyam kabonet. Bambancin yana wajen haihuwa ne, shi dutsen siminti galibi a ƙarƙashin tsohon teku ya taru tun miliyoyin shekaru, shi kuwa tirabatin a kan tudu yake taruwa, a bakin idon ruwa, kuma yana iya taruwa da saurin da mutum zai ga canji a tsawon rayuwarsa.

Masana na raba shi gida biyu. Idan ruwan zafi ne ya ajiye shi, ya fito da tauri da layi-layi, shi suka fi kira tirabatin. Idan kuma ruwan sanyi ne ya ajiye shi a kan gansakuka da ganyaye da saiwoyi, ya fito sakayau da ramuka-ramuka, sai su ce masa tufa, sunan ya yi kama da namu na sutura amma ba abin da ya haɗa su. A bakin mutanen gari dai ana cakuɗa sunayen biyu, kuma ba wani laifi ba ne tunda hanyar ɗaya ce.

Kuma ba baƙon dutse ba ne a duniyar gini. Da tirabatin ɗin garin Tivoli aka gina babban ɓangaren filin wasan Kolosiyam na birnin Rum, har yau ana haƙar shi a can ana yanka shi ana yin tayil.

Yadda ruwa ke gina dutse

Nan ne zuciyar maganar, kuma ba ta da wuyar ganewa idan an bi ta a hankali.

Ruwan sama in ya sauka ya ratsa ƙasa yana kwasar iskar kabon dayokzaid, wadda saiwoyi da ruɓaɓɓun ganye ke fitarwa. Wannan iskar tana sa ruwan ya ɗan yi tsami, ba tsamin da harshe zai ji sosai ba, amma ya isa ya riƙa narkar da dutsen farar ƙasa kaɗan-kaɗan idan ya bi ta cikinsa. Kenan ruwan ya zama yana ɗauke da narkakken dutse a cikinsa, ga shi garau a ido amma da kaya a ciki. Muddin yana can ƙasa a matse, iskar ba ta da hanyar fita, to dutsen zai ci gaba da zama a narke.

Da zarar ya fito sarari sai matsin ya sake shi, iskar ta fara tsere wa ruwan, tsamin ya ragu, ruwan ya kasa riƙe kayan da ya ɗauko, sai ya fara sauke su a kan duk abin da ya taɓa, dutse ne, itace ne, bututu ne, ganye ne, ba ruwansa. Shi ya sa wurin da ruwan ya fi fantsama ko ya bazu siriri a kan abu nan ne dutsen ya fi saurin taruwa, don nan ne iskar ta fi samun ƙofa. Famfon ado kuwa aikinsa kenan, ya ɗaga ruwa sama ya watsa shi. Wato in ka haɗa famfon ado da irin wannan ruwan to ka kafa masana'antar dutse ko ka sani ko ba ka sani ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin butar shayin da aka daɗe ana tafasa ruwan borehol a ciki ya ga wani farin ɓawo manne a gindinta, ya riga ya ga ƙaramin wannan aikin. Can zafin wuta ne ya kori iskar, a Thermopolis kuwa sakin matsi ne da fantsama.

A nan akwai ɗan gyara da ya kamata a yi, don sau da yawa za ka ji ana cewa sanyin da ruwan ke yi ne ke sa dutsen ya sauka. Ruwan yana hucewa, gaskiya ne, amma babban dalilin shi ne fitar iskar, don shi kalsiyam kabonet ma ya fi narkewa a ruwan sanyi a kan na zafi, saɓanin gishiri ko suga da muka saba. Su kuma launukan da ke jikin dutsen yawancinsu ba na dutsen ba ne, ƙananan halittu ne, gansakuka da bakteriya masu son zafi, kowanne da irin zafin da yake iya jurewa, shi ya sa launin ke sauyawa daga inda ruwan ya fi zafi zuwa inda ya huce. Suna ma taimakawa wajen ginin, don suna zuƙe iskar kabon ɗin su yi abincinsu, kuma jikinsu na zama matattarar da ƙwayoyin dutsen ke maƙalewa. To mai cewa dutsen yana da rai bai yi daidai ba, amma akwai masu rai a fatarsa.

Maganar aman wuta kuma, ruwan Thermopolis ba wutar dutse ce ke dafa shi ba. Ruwan sama ne da ƙanƙara da ke sauka a tsaunukan Owl Creek, ya nitse can ƙasa ta cikin duwatsu irin su shimfiɗar dutsen farar ƙasa da ake kira Madison, zafin cikin ƙasa na yau da kullum ya gasa shi, sannan ya samu tsaga ya taso. Yana fitowa a babban idon da ake kira Big Spring da zafin da ya haura digiri 50 a ma'aunin salshiyas, da warin farar wuta. Ba kamar babban wurin shaƙatawa na Yellowstone ba da ke jihar ɗaya, inda can kam akwai narkakken dutse a ƙasa, kuma a ɓangarenta na Mammoth an ƙiyasta ruwan na ajiye kusan tan 2 na wannan dutse a kowace rana.

Yadda aka yi famfon ya zo wurin

Idon ruwan asalinsa yana cikin ƙasar da aka keɓe wa ƙabilun Shoshone da Arapaho, wato yankin Wind River. A 1896 gwamnatin Amurka ta turo wakilinta James McLaughlin ya ƙulla yarjejeniya da shugabanninsu, Washakie na Shoshone da Sharp Nose na Arapaho, suka sallama wani yanki mai kusan mil 10 a kowane gefe a kan dala 60,000, wani ɓangaren kuɗin ma da shanu da abinci aka tsara biya. A 1897 aka miƙa wa jihar Wyoming murabba'in mil ɗaya da ke kewaye da idon, shi ne ya zama Hot Springs State Park na yau. Mutanen garin na tuna wannan a matsayin kyauta, har sun daɗe suna yi masa biki a watan Agusta, kuma suna danganta wankan kyauta da ake yi a wurin da buƙatar Washakie cewa kada a hana kowa ruwan. Masu bin tarihin ƙabilun kuma suna tunatar da cewa lokacin mutanen suna cikin yunwa da matsi, saboda haka ciniki ne na wanda ba shi da zaɓi sosai. Duka bayanan biyu suna da tushe, kuma adalci shi ne a faɗe su tare.

Da aka fara jan ruwan zafin da bututu zuwa gidajen wanka da masaukai, sai aka buƙaci wurin da tururi zai riƙa fita. A 1909 aka kafa bututu a tsaye aka yi masa ɗan gini mai siffar tantin 'yan asalin ƙasar da ake kira tepee, wanda daga nan sunan ya fito. Ruwa ya riƙa malalowa ta sama yana bin jikin ginin, shekara bayan shekara, ɓawo kan ɓawo, har ginin ya ɓace gaba ɗaya a ciki. Sama da shekara 110 kenan ana wannan aikin.

Halitta ce ko aikin hannu?

Wannan muhawarar tana yawan tasowa kuma kowane ɓangare na da abin kamawa. Masu cewa aikin hannu ne suna nuna bututun, ba don shi ba da babu dutse a wannan wurin, kuma in ma'aikata suka rufe ruwan yau girman ya tsaya yau. Masu cewa halitta ce suna nuna dutsen, ba wanda ya sassaƙa shi ko ya zaɓa masa siffa, kuma in aka kai gutsurensa ɗakin gwaji ba za a bambanta shi da na matakalan tirabatin da ake kira Rainbow Terraces da ke gangarawa kogin Bighorn a wurin shaƙatawar ba, waɗanda su tun kafin zuwan bututu suke.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne mutum ne ya zaɓi wurin, ruwa ne ya yi ginin. Kuma irin wannan haɗin gwiwar ba a Thermopolis kaɗai take ba. A garin Soda Springs na jihar Idaho, a 1937 wasu na haƙa neman ruwan zafi don wurin ninƙaya sai suka faso ruwa mai matsin iskar kabon, ya riƙa tsiri sama ba tsayawa, daga baya aka sa masa murfi da agogo, yanzu duk awa ɗaya ake sakinsa, kuma ya tara tudun tirabatin kewaye da shi a tsakiyar gari. A ƙauyen Usterling na jihar Bavariya a Jamus kuma akwai wani siririn bango na dutsen tufa mai tsawon kusan mita 40 da tsayin kusan mita 5, ruwa na bin wata 'yar kwata a samansa, an ƙiyasta shekarunsa sun kai 5,000, kuma duk da idon ruwan na halitta ne, mutanen wurin sun daɗe suna share ganye da tarkace daga kwatar don kada ruwan ya kauce. In an daina sharar, ruwan zai bazu gefe, bangon ya daina hawa.

A bar shi ya yi ta girma ko a rage shi?

Inda rigimar ta fi fitowa fili shi ne garuruwan da famfon nasu tun asali aikin sassaƙa ne mai daraja. A kudancin Faransa, birnin Aix-en-Provence na da wani famfo a kan titin Cours Mirabeau da aka gina a ƙarni na 17, ruwansa mai ɗan ɗumi kusan digiri 18, yanzu duk farar ƙasa da gansakuka sun lulluɓe shi ba a ganin adon da aka yi masa da farko. A garin Salon-de-Provence ma akwai irinsa na 1775, wanda ɓawon ya haɗe kwanukansa har ya koma siffar naman kaza, kuma yau shi ne alamar garin.

Masu kula da kayan tarihi na da hujja mai ƙarfi, sun ce abin da magabata suka gina shi ne abin adanawa, ɓawon yana ɓoye aikin, yana ƙara nauyin da ba a lissafa da shi ba lokacin gini, ga danshi da saiwoyi na cin dutsen asali a ɓoye, sannan a ƙasashen sanyi ruwan da ya shiga ramukan in ya daskare yana faɗaɗa ya tsaga dutsen. Mutanen gari kuma nasu ganin shi ne su da wannan curin suka tashi, shi ne a katin gaisuwa, shi baƙi ke zuwa ɗauka hoto, in ka kankare shi ka ba su wani famfo da ba su sani ba. A aikace abin da aka fi yi shi ne tsaka-tsaki, a bar siffar da aka saba, a riƙa aske ta in ta yi yawa, a riƙa buɗe hanyar ruwa. A Thermopolis wannan gardamar da sauƙi, don abin da ke ciki bututun fitar da tururi ne kawai, ba wanda ke kewarsa.

Abin da masu kallo ba sa gani shi ne kuɗin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan da ke gina dutse a waje shi ne dai ke gina shi a cikin bututu, ramin ya yi ta tsukewa har ya toshe. Matsalar tsohuwa ce, magudanar da Rumawa suka gina daga tsaunukan Eifel zuwa birnin Kolon na Jamus ta tara ɓawon da ya kai kaurin santimita 30 a wasu wurare, har daga baya magina suka riƙa ɓamɓaro shi suna goge shi suna yin ginshiƙan coci. A Karlovy Vary ta ƙasar Cek, inda ruwan ke fitowa da zafin sama da digiri 70, furen takarda in aka bar shi a cikin feshin kamar mako biyu yana komawa dutse a sayar wa baƙi, to ka auna abin da wannan ruwan ke yi wa bututu a shekara. Duk garin da ke da irin wannan famfo yana da aikin fasa ɓawo da sauya bututu da ba ya ƙarewa, kuma daga aljihun jama'a ake biya.

Ainihin rigimar a kan ruwa take

Tirabatin mai kyau sai da ruwa a kansa kullum. In ruwa ya ɗauke launukan su mutu, dutsen ya koma toka-toka, ya fara marmashewa. Amma ruwan nan dai shi gidajen wanka ke so, shi masaukai ke so, shi mai gonar da ke gefe zai so ya haƙa rijiya ya samu nasa. Kuma tukunyar ƙarƙashin ƙasa ɗaya ce.

Pamukkale ta Turkiyya ita ce misalin da aka fi sani. An gina otal-otal a saman fararen matakalan tirabatin na wurin, suka janye ruwan zuwa tafkunan wankansu, aka yi titin mota ta tsakiya, mutane na hawa da takalma, har farin ya fara komawa ruwan ƙasa. Bayan wurin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1988 aka rushe otal-otal ɗin, aka rufe titin, aka hana shiga da takalmi, kuma yanzu ruwan bi da bi ake sakar wa ɓangarorin. A Rotorua ta New Zealand, duk da can wani sinadarin daban ruwan ke ajiyewa, darasin ɗaya ne, rijiyoyin ruwan zafi sun yi yawa a gari har maɓuɓɓugan suka fara ja baya, a 1986 gwamnati ta ba da umarnin rufe rijiyoyin da ke cikin kilomita 1.5 daga maɓuɓɓugar Pohutu, mutane suka ji haushi sosai don da ruwan suke ɗumama gidajensu, amma daga baya wasu maɓuɓɓugan sun farfaɗo.

A Thermopolis ma akwai rijiyoyin zafi a arewacin gari da aka faso tun farkon ƙarni na 20, har da wadda aka haƙa neman man fetur sai ruwa ya fito. Idan ruwan babban ido ya ragu, bayanin da ake iya kawowa uku ne, ko rijiyoyi sun rage matsin, ko fari ya rage abin da ke shiga ƙasa a tsaunuka, ko kuma dutsen da kansa ya tsuke hanyar da ruwan ke bi ya karkata wani wajen, wanda abu ne da idanun tirabatin ke yi ko ba mutum a kusa. Kowane bayani yana da wanda yake yi wa daɗi, mai rijiya zai fi son na fari, mai kare muhalli zai fi son na rijiya, shi ya sa ba abin da ke raba gardamar sai awon ruwa na shekaru masu yawa da kowa zai iya dubawa.

Me wannan ke nufi ga mutumin gari?

Ga mazaunin Thermopolis abu na farko shi ne wanka. Gidan wanka na jiha kyauta ne, ana riƙe ruwansa a digiri 40, tsoho mai ciwon gaɓoɓi da ba shi da kuɗin shiga wuraren 'yan kasuwa yana da inda zai je. Na biyu abinci ne, masaukai da gidajen cin abinci da shaguna na ƙaramin gari irin wannan da baƙi suke rayuwa, kuma baƙin ruwa da dutsen ne ke kawo su. Duk shawarar da aka yanke kan rabon ruwan tana taɓa ɗayan biyun, in aka fifita matakalai da famfon ado masu tafkuna su koka, in aka fifita tafkuna abin kallon ya dushe.

Sai dokokin da ke ba baƙi haushi, kar a hau, kar a ɓalli gutsure, kar a sauka daga kan katakon tafiya. Dalilinsu a fili yake. Sabon ɓawon yana da taushi, sawu ɗaya na iya fasa abin da ya ɗauki shekaru, jikinsa da santsi, a wasu wuraren kuma siriri ne da ruwan zafi a ƙarƙashi. Gutsuren da aka kai gida ma ba zai ƙara ko ƙwayar gero ba, tunda ba ruwan.

Maganar magani kuma a bi ta da hankali. Zama a ruwan ɗumi na sassauta jijiyoyi da rage raɗaɗin gaɓoɓi na ɗan lokaci, wannan sananne ne, amma ba ya maye gurbin asibiti, kuma mai ciwon zuciya ko mai juna biyu gara ya tambayi likita kafin ya daɗe a ciki.

Akwai kuma tsoron da ke zuwa wa mai karatu a nan gida, wanda ya ga farin ɓawo a butarsa ko a bakin famfonsa ya ce to ashe haka yake taruwa a cikina. Ciki ba ya aiki haka, ruwan cikin mutum mai tsami ne sosai, yana narkar da wannan sinadarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sa wa irin wannan ruwan iyaka ta fuskar lafiya ba, illarsa da aka tabbatar ta kaya ce, sabulu ba ya kumfa da kyau, hita na cin wuta tana saurin mutuwa, kan shawa na toshewa. Ruwan lemun tsami ko binega na cire ɓawon in an jiƙa. Sai dai farin ɓawo ba shaidar tsabtar ruwa ba ce kuma ba shaidar gurɓatarsa ba ce, ruwan borehol na iya zama da ƙwayoyin cuta ko wasu sinadarai masu illa ko da ɓawo ko babu, wannan sai gwaji ne ke nunawa.